Yadda za ka canza ƙwan sigina na Hilux da hannunka

Ranar da na fara ɗaukar maganar sigina da muhimmanci, buhunan masara na ɗauko daga ƙauye, an cika bayan motar har ta ɗan zauna. Na zo zan shiga kwana ta hagu na buga sigina kamar kullum, ina jin tana kas-kas-kas da sauri fiye da yadda na saba amma ban kawo komai a raina ba, na karya kan mota kenan sai ga mai babur ya goyo mace da jariri a bayanta, ya taho zai wuce ni ta hagun. Allah ne kawai ya tsare, ya taka birki har babur ɗin ya juya. Na fito ina cewa malam ai na ba da hannu, shi kuma yana rantsuwa wallahi bai ga komai ba. Muka zagaya baya tare, gaskiyarsa ce, ƙwan baya na hagu ya mutu, na gaba ne kaɗai yake ta ƙiftawa. Kusan sati biyu motar tana faɗa min da wannan saurin ƙarar ban saurare ta ba.

Akori-kura ba kamar ƙaramar mota ba ce. In ka yi lodi kaya sun rufe gilashin baya, wanda ke binka ba ya ganinka, ko ka fito da hannu ta taga ba lallai ya hango ba saboda faɗin bodi da tudun kaya. Wannan ɗan ƙwan shi ne bakinka a titi. Kuma abin da zai ba ka mamaki, canza shi aikin minti goma sha biyar ne, ba sai ka kashe rabin yini a gareji kana jiran ɗan wayarin ya gama da motoci uku da ke gabanka ba.

Zan yi bayanin ne a kan Toyota Hilux tunda ita na sani ciki da waje, musamman wadda ake ce wa Vigo ta wajen 2005 zuwa 2015, da Revo da ta biyo bayanta. Amma in L200 ce da kai ko Navara ko D-Max ko Ranger, tsarin kusan ɗaya ne, wurin noti ne kawai zai ɗan bambanta.

Kafin ka taɓa sufana, gano wane ne ya mutu

Mutane da yawa nan suke fara ɓata kuɗi, su je su sayo ƙwai alhali ba ƙwan ba ne. Ka faka motar a wuri mai inuwa, ka ja hanbirki, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba sai ka tayar da inji ba. Buga siginar dama ka fito ka zagaya motar, ka duba gaba, ka duba gefe wajen fenda ko jikin madubi, ka duba baya. Sai ka koma ka buga ta hagu ka sake zagayawa. In kana da yaro a kusa ya zauna a ciki yana buga maka, ya fi sauƙi.

Sigina mai lafiya tana ƙiftawa tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya, wato sau ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa. In gefe ɗaya ya koma gudu kamar ana korarsa, ɗayan kuma yana tafiya daidai, to kusan kullum babban ƙwai ɗaya ne ya mutu a wancan gefen, na gaba ko na baya. Ba lalacewa ba ce wannan saurin, da gangan aka yi shi. Akwai wani ɗan abu da ake ce wa filasha, shi ke kunna wutar yana kashewa, yana kuma auna yawan wutar da ƙwayayen ke ja, da zarar ɗaya ya mutu wutar ta ragu sai ya ƙara gudu don direba ya ankara. Ƙaramin ƙwan gefe shi kam wat 5 ne kawai, sau da yawa yakan mutu ƙarar ba ta canza ba, shi ya sa sai ka duba da ido.

In kuma ka buga dama shiru, ka buga hagu shiru, ko kibiyar dashbod ba ta kamawa, to kar ka sayi ƙwai tukuna, da wuya ƙwai huɗu su mutu rana ɗaya. Wannan maganar fis ce ko filasha, zan zo kanta a ƙasa. Ka kuma danna jan maɓallin nan na hazad ka gani, in duk huɗun suna kamawa da hazad amma sigina ta ƙi, ƙwayayenka lafiyarsu ƙalau, matsalar tana wajen fis ko sandar sigina da ke jikin sitiyari.

Kayan aiki ba su da yawa. Sufana mai lamba 10, in ka samu irin ta soket mai hannu ta fi, sukundireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, tsumma mai tsabta, ɗan guntun samfefa mai laushi, da tocila ko fitilar waya. Sai wani ɗan kwano ko murfin gwangwani da za ka riƙa zuba noti a ciki, don in noti ya faɗa cikin yashi nemansa ya fi aikin kansa cin lokaci.

Na baya

Da shi zan fara don ya fi yawan mutuwa, shi ke shan girgizar hanya da ƙura da ruwa, kuma shi ne ba ka gani daga kujerarka.

Kashe komai ka zare makulli. Ka tabbata hazad a kashe take, don ita ko ba makulli tana aiki. In siginar ta jima a kunne ka ba ƙwan minti biyar ya huce, ƙwan wat 21 yana zafi sosai, yana iya tashin fatar yatsa.

Sauke ƙofar bodi ta baya. Ka leƙa gefen fitilar ta ciki, wurin da ƙofar ke rufewa in an ɗaga ta, za ka ga noti biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Su kaɗai ke riƙe da gidan fitilar ta wannan ɓangaren. Kwance su ka zuba a kwano. In sun yi tsatsa sun ƙi motsi kar ka sa ƙarfi har ka cinye kansu, ɗiga musu ɗan man inji ko ka fesa WD-40 ka jira kaɗan.

To nan ne wurin da ake ɓarna. Bayan ka cire notin fitilar ba za ta faɗo ba, saboda ta ɗaya gefen akwai wasu 'yan ƙusoshin roba da suka shige cikin ramuka a jikin bodi. Ka kama ta da hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka riƙa girgiza ta a hankali kana ja, za ka ji ta saki ɓas. Kar ka soka sukundireba tsakaninta da bodi kana banƙarawa, za ka kankare fenti kuma robar da ta shekara goma tana shan ranar Arewa ta riga ta bushe, ƙaramin abu ke fasa ta. In ƙusar nan ta karye fitilar ba za ta ƙara zama daram ba, kullum tana rawa, ruwa yana shiga. Kuma in ta saki kar ka fizgo ta da nisa, wayoyin gajeru ne. Ka shimfiɗa tsumma a kan bamba ko bakin ƙofar ka jingina ta a kai.

A bayanta za ka ga holda uku ko huɗu, wato gindin roba da kowane ƙwai ke zaune a ciki da wayarsa. Ɗaya na danja da fakin, wato jar wutar birki da ƙaramar wutar dare, ɗaya na ribas, ɗaya na sigina. Ka duba ta fuskar fitilar ka ga inda siginar take sai ka bi ta baya ka kama holdar da ke saitin wurin. In ka rikice, wanda ƙwansa ke da siraran zare biyu a ciki na danja ne, ka mayar da shi. Murɗa holdar zuwa hagu kamar kwata na zagaye, yadda ake kwance noti, sai ka zaro ta da ƙwan a jiki.

Cire ƙwan daga holda kala biyu ne. In mai gindin ƙarfe ne zagayayye, ka danna shi ciki kaɗan, ka murɗa hagu, zai taso da kansa. In mai gindi shafaffe ne wanda duk jikinsa gilashi ne har ƙasa, shi ba a murɗawa, ja kawai ake yi a miƙe. Ka sa tsumma ka riƙe, don tsohon ƙwai yakan fashe a hannu. In gilashin ya rabu da gindin ƙarfen ya bar shi a ciki, kar hankalinka ya tashi, ka cire kan batir na negetif tukuna sannan ka sa filaya mai tsini ka kama bakin ƙarfen ka danna ka murɗa.

Ɗaga shi ka kalla a haske. Za ka ga zaren ciki ya tsinke, ko gilashin ya yi baƙi kamar an shafa masa hayaƙi, ko ya yi fari-fari kamar madara, wannan alamar iska ta shiga ciki ce. In ka ga zaren lafiya lau gilashi garau, to ka ajiye shi a gefe, wataƙila holdar ce.

Sayen ƙwai, inda duk aikin yake

Ni a wurina wannan ne zuciyar maganar. Ka ɗauki tsohon ƙwan ka sa a aljihu ka tafi da shi kasuwa. Kar ka aiki yaro da baki, kar ka je ka ce a ba ni ƙwan siginar Hilux kawai, domin Hilux ɗin da ke yawo a titunanmu ba daga wuri ɗaya suka fito ba, wata an haɗa ta a Tailan, wata a Afirka ta Kudu, wata ta biyo ta Dubai, wata kuma an taɓa buge ta an sa mata fitilar da ba tata ta asali ba. Shekara ɗaya, suna ɗaya, amma ƙwai daban. Ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano ko Panteka a Kaduna, mai shago zai miƙo maka abin da ya fi kusa da hannunsa ne in ba ka nuna masa naka ba.

A jikin gindin ƙwan akwai rubutu ƙanana, ka goge ka karanta. Wanda aka fi gani shi ne P21W, wasu kwalaye suna rubuta 1156, farin gilashi ne mai zare ɗaya, 12V 21W, 'yan kunnuwansa biyu na gindi suna kallon juna daidai, ɗaya nan ɗaya can. Sai ɗan'uwansa PY21W mai kalar lemo, a ido kamar su ɗaya amma kunnuwan nasa ba sa saitin juna, an ɗan karkatar da ɗaya. An yi haka ne musamman don kar a sa wani a gidan wani. Na sha ganin an danna P21W da ƙarfi cikin holdar PY21W, ya shiga rabi ya maƙale, yau ya kama gobe ya ƙi, ƙarshe holdar ta buɗe baki ta lalace. In ƙwai ya ƙi shiga cikin sauƙi ba nasa ba ne, kar ka tilasta.

Sai masu gindin gilashi da ake sokawa, W21W fari da WY21W mai kalar lemo, a kwali za ka ga 7440 ko T20, sababbin motocin Japan sun fi amfani da su. Na gefe ƙarami shi ne W5W ko WY5W, ana ce masa T10. In kuma motarka 'yar Amurka ce irin su F-150 ko Silverado, su 3157 suka fi yawa a jikinsu, kuma a yawancinsu ƙwan danja shi ne na sigina a baya, ja yake ƙiftawa, ba lalacewa ba ce haka aka ƙera su.

Maganar kala kuma mai sauƙi ce. In murfin fitilar a wurin sigina kalar lemo ne, farin ƙwai za ka sa. In murfin fari ne garau, dole ƙwan ya zama mai kalar lemo. In ka sa fari a cikin fari, na bayanka zai ɗauka ribas ka sa, da rana kuma ba ma a ganinsa sosai. Kuma ka lura da masu arhar nan da aka yi wa fenti sama-sama, wata biyu zafi ya sa fentin ya ɓaɓɓake ya zube cikin fitilar, ƙwan ya koma fari. Ka ɗan kankara da farce a gaban mai shagon, in kalar ta biyo farcenka ka ajiye masa abinsa. Osram da Philips da Narva da Koito sunaye ne da aka sani, sai dai jabunsu ma sun cika kasuwa, ka duba rubutun gindin ya fito tsaf kuma gilashin ba ya girgiɗi a jikin ƙarfen.

Abu biyu da za ka tabbatar kafin ka bar shagon. Na farko 12V ne ba 24V ba, na 24 na manyan motoci ne irin tirela da tifa, girmansu ɗaya da naka, zai shiga kuma zai kama amma haskensa kamar na aci-balbal. Na biyu, a Hilux zare ɗaya ne ba biyu ba, kar a haɗa ka da P21/5W na danja, shi a ƙasansa ɗigon dalma biyu ne, naka ɗaya. Ka ce a gwada maka a jikin batir, kusan kowane shago suna da shi a ajiye. Kuma ka sayi biyu ko uku. Ƙwan dama da na hagu tare suka fara aiki, in ɗaya ya tafi ɗayan ma yana hanya, ni nakan canza su tare in ajiye tsohon mai rai a cikin aljihun dashbod naɗe da tsumma saboda tafiyar dare.

Mayarwa

Kafin ka sa sabon, leƙa cikin holdar da tocila. In ka ga kore-kore ko farin gari ko tsatsa a jikin ƙarfen, ka naɗe samfefa kamar sigari ka goge har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka hure. Da makulli a zare za ka yi wannan. A ƙasan holdar masu murɗawa akwai ɗan harshen ƙarfe ko sifirin da ke tokare ƙwan, in ya kwanta ka ɗan ɗago shi da bakin sukundireba kaɗan kawai. In kuwa robar ta narke ta yi baƙi, holdar ta gama aiki, ka yanke shawarar sayen wata, ana samunsu da guntun waya a jiki.

Riƙe sabon ƙwan da tsumma. Ba shi da tsanani kamar ƙwan fitilar gaba wanda maiƙon hannu ke kashewa, amma hannun da ya taɓa giris in ya bar shaida a gilashi zafi zai gasa ta ta zama tabo. Saita kunnuwan da ramukansu, danna, murɗa dama har ka ji ya zauna. Mai sokawa kuma ka tura shi har ƙarshe.

Yanzu kar ka ɗaure komai. Bar fitilar a jingine, je ka murɗa makulli ka buga sigina, ka dawo ka gani. In ya kama kuma ƙarar ta koma tafiyarta ta da, alhamdu lillahi. Tunda fitilar tana buɗe, sa yaron ya taka birki ya kuma sa ribas inji a kashe ka duba sauran ƙwayayen gaba ɗaya, ba ka so gobe ka sake kwancewa saboda danja.

Duba zoben robar da ke wuyan holdar, shi ke hana ruwa da ƙura shiga. In ya bushe ya tsattsage ka nemi wani, in babu ka shafa masa ɗan giris siriri. Fitilar da ka ga tana gumi ta ciki bayan ruwan sama ko bayan wanki, ko ka ga jan ƙasa ya kwanta a ƙasanta lokacin hunturu, yawanci nan ne ƙofar. Mayar da holdar ka murɗa dama, ka tattara wayoyin kar bodi ya danne su, ka saita ƙusoshin robar da ramukansu ka tura da tafin hannu har ta shige, sannan ka ɗaure noti. Fara ɗaurawa da yatsa, ka ƙarasa da sufana, da ka ji ya kama ka tsaya. Roba kake ɗaurewa ba taya ba.

Na gaba da na gefe

Na gaba babu noti ko ɗaya a yawancin Vigo da Revo, wahalarsa matsi ne kawai. Buɗe boneti, ka bari inji ya huce in yanzu ka tsaya. Tsaya a gaban motar ka ga inda siginar take a cikin gidan fitilar, sai ka zura hannu ta baya saitin wurin. Babban murfin roba zagayayye na babbar fitila ne, ba ruwanka da shi. Holdar sigina ƙarama ce da siraran wayoyi, ka murɗa hagu ka zaro, sauran duk irin na baya ne. Gefe ɗaya za ka tarar batir ya tare hanya, ɗayan kuma gidan filtar iska ko tulun ruwa, ya danganta da injin. In hannunka ya ƙi shiga, wani lokacin ta ƙasa ya fi, ka murɗe sitiyari taya ta kauce, ka ɓalle kilif biyu ko uku na baƙar robar da ke cikin fenda ka zura hannu ta nan. Ka cire agogo da zobe kafin ka kai hannu kusa da batir, zoben azurfa in ya haɗa kan batir da bodi zai yi jawur a yatsanka kafin ka iya cire shi.

Tsofaffin Hilux na kafin Vigo su ma fi sauƙi, da yawansu siginar tana jikin bamba ko a kusurwa, sukuru biyu ne ko ɗaya a fili, ka kwance murfin ya fito.

Na jikin fenda kuma kilif ne ke riƙe da shi. Ka tura shi da yatsa zuwa gaba ko baya, ɓangare ɗaya zai ɗaga sai ka zaro, in ya ƙi ka naɗe bakin sukundireba da tsumma ka ɗan taimaka masa. Riƙe wayar da kyau kar ta suɓuce ta koma cikin fenda. Wanda ke jikin madubi a sababbin motoci shi LED ne a rufe, ba a canza masa ƙwai, in ya mutu gaba ɗayan fitilar madubin ake sauyawa.

In ka sa sabo ya ƙi kamawa

Fara da mafi sauƙi, ɗauko ƙwan ɗaya gefen da ka san yana aiki ka gwada a nan, ka kai sabon can. In sabon ya ƙi a can ma, mataccen ƙwai aka sayar maka, yana faruwa.

In duk sigina ta ɗauke, je wajen fis. Akwai akwati ɗaya a ƙarƙashin boneti kusa da batir, ɗaya kuma a cikin mota ƙasan dashbod. A bayan murfin akwai zane, ka nemi inda aka rubuta TURN ko HAZ. Zaro shi ka ɗaga a haske, in ƙarfen tsakiya ya tsinke ka sa wani mai lamba iri ɗaya, kalar ma tana faɗa maka, ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Don Allah kar ka naɗa masa waya ko takardar sigari, kar kuma ka sa mai lamba sama da tasa. Fis an yi shi ne ya mutu a madadin wayarin ɗin motarka, in ka hana shi mutuwa wayoyin ne za su yi zafi a bayan dashbod inda ba ka gani. In ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi, a akori-kura ka fara zargin wayoyin da ke bi ta ƙarƙashin bodi zuwa baya, musamman in an taɓa yi maka ƙarin fitilu ko walda a wurin. Nan kam ka kai wa ɗan wayarin, ka faɗa masa duk abin da ka riga ka gwada.

Akwai kuma wata alama da ke ruɗa mutane, ka buga sigina sai ka ga danja ma tana ƙiftawa dishi-dishi tare da ita, ko ka taka birki siginar ta tsaya cak. Wannan ba ƙwai ba ne, wayar at ce, wato wadda ke mayar da wuta jikin bodi, ta yi tsatsa ko ta saki, sai wutar ta rasa hanya ta bi ta cikin ƙwan maƙwabcinta. Ka bi wayar, a Toyota yawanci fara ce mai baƙin layi, har inda aka ɗaure ta da bodi, ka kwance ka goge wurin da samfefa ka mayar. Ka kuma zare fulogin da ke haɗa wayoyin fitilar ka duba ko ruwa ya kwanta a ciki.

In kuwa ƙwai yana yawan mutu maka, wata ɗaya biyu ka canza, yau sigina gobe danja jibi fitilar gaba, ka sa a auna cajin motar. Inji yana aiki mita ya kamata ta nuna tsakanin 13.5 zuwa 14.5 a kan batir. In ta haura 15 altaneta ce ke cika wuta, ita ke cinye maka ƙwayaye kuma batir ma ba zai daɗe ba.

Masu son LED

Da yawa yanzu suna cire na asali su sa LED saboda haske da ƙwalisa, sai su ga sigina ta kama gudu alhali duk fitilun suna kamawa. Dalilin shi ne wancan filasha da na faɗa. Ƙwan wat 21 yana jan wuta kusan amfiya ɗaya da kwata uku, LED kuwa kaɗan yake ja, sai filasha ya ɗauka ƙwai ya mutu. Hanya biyu ce. In motarka tana da filasha da ake zarewa a ƙasan dashbod, ka sayi irin na LED mai ƙafafu daidai da naka ka sauya, wannan ya fi tsabta. In babu, sai a haɗa rizista, wato ɗan abin da ke jan ƙarin wuta don filasha ya ɗauka ƙwan asali ne, mai om 6 wat 50 a kowane ƙwai, tsakanin wayar sigina da at. Rizistan nan yana zafi ba na wasa ba, dole a ɗaure shi da sukuru a jikin ƙarfen bodi nesa da roba da wayoyi, ba a naɗe shi da salatif a bar shi yana lilo ba.

Ni dai ra'ayina, a sigina na fi son ƙwan asali. LED mai arha da dare yana da kyau amma da tsakar rana a kan titi sau da yawa ba ya cika gidan fitilar da haske yadda na asali ke yi, don madubin ciki an tsara shi ne da zaren ƙwai a tsakiya. Sannan duk hanyar da ka bi cikin biyun nan, ka kashe wancan gargaɗin ne, ranar da LED ɗin ya mutu ƙarar ba za ta canza ba, ba abin da zai faɗa maka. In ka riga ka sa su, to ka mayar da shi al'ada duk safiya kana ɗumama inji ka danna hazad ka zagaya motar sau ɗaya ka ƙirga su, gaba biyu, gefe biyu, baya biyu, sannan ka shiga ka ja.